Modem ɗin da Bai Iya Gaisuwa Ba

A shekarar da ciyawa ta ƙi fitowa, Allah ya dubi makiyayan Dakoro da idon rahama ya aiko musu da masani. Da ciyawar ya aiko, da sun fi godewa.

Sunansa Sharfaddeen, shi ne sakataren koperatif ta makiyaya, kuma ya taɓa yin sitaj, wato horon aiki, na mako uku a Yamai. Makon nan uku sukan kai shekara uku in yana ba da labarinsu. Tun da ya dawo ya daina amsa sunan Sharfu, sai Injiniya, ya kuma jera alƙaluma uku a aljihun gaba, biyu daga cikinsu ba sa rubutu.

Koperatif ɗin ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki ɗaya ne da sito a bakin kasuwar dabbobi, sai baƙar tarho guda bisa tebur. A bazarar nan shanu sun rame har mai wucewa kan hango haƙarƙarinsu daga bakin hanya. Ranar Lahadi Samba, shugaban koperatif, wanda kowa ke kira Farzidan, ya dawo daga Maraɗi da labari mai sanyi. An samu kamyo guda, babbar motar kaya, cike da guryar auduga ta ciyar da shanu mai rahusa, kuma sunan Dakoro ne a sama. Sharaɗin ɗaya ne tak. Cikin makon za a kira ta tarho a ji ko sito na shirye. In an ɗauka an ce e, kamyo ya taso. In ba a ɗauka ba, akwai masu biye a layi.

"Ni zan tahi arewa bakin rijiyoyi in gaya ma mutane su zo ran kasuwa da jakuna," in ji Samba. "Aiki ɗaya na bar maku. In tarho ta yi ƙara, a ɗauka. Ko jaki ya iya wannan da yana da hannu."

Sharfaddeen ya yi irin murmushin da likita ke yi wa mai maganin gargajiya.

"Farzidan, zaman jiran tarho ai aikin jiya ne."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Wani poroje ne na taimakon Nasara da ya nannaɗe tabarmarsa bara ya bar musu ordinata, wato kwamfuta, da wani ƙaramin akwati mai fitilu jajaye, da littafi mai kauri. Akwatin shi ne modem, in ji Sharfaddeen. In an haɗa shi da layin tarho, ordinatar Dakoro za ta kira wata ordinata a Yamai wadda ake ce wa Bebe'es, wato allon sanarwa da ba a kafa shi a bango ba. Duk farashin dabbobi na ƙasa, duk sanarwar gurya da dusa da allura, a can ake liƙa su.

"Daƙiƙa arba'in, labari ya taso daga Yamai ya sauka bisa wanga tebur. Ran kasuwa ku zo ku gani da idonku."

Mamani, tsohon dillalin shanu da ke kashingiɗe a bakin ƙofa, ya ce, "Ni direbobin tasha ke kawo mini farashi, kuma ba su shan wuta."

"Su sha shayi dai, Baba."

Samba bai gane kan zancen ba, kuma yana sauri. Ya bar Intalla, wani makiyayi dogo daga Azagor mai shanu goma sha tara waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu don al'ada kawai, ya zauna kusa da tarho. Ya hau raƙuminsa ya yi arewa.

Litinin da safe Sharfaddeen ya zare wayar tarho daga bango ya cusa a gindin modem, ya ɗaura tarhon a bayansa kamar ɗan goyo. Mutane suka cika taga. Har Mata mai fura ta jawo ƙwaryarta kusa don kada a ba ta labari. Ya naɗe hannun riga, ya buga lambar Yamai da yatsa ɗaya, ya koma baya ya harɗe hannu.

Akwatin ya yi ƙyat-ƙyat-ƙyat. Sai wata murya ta fito daga cikinsa.

"Alo? Wa ke nan?"

"La ilaha illallahu," in ji Mata. "Ya yi magana! Kuma da muryar Sa'adiyya!"

Abin da Injiniya ya manta, ko kuma Yamai ba ta koya masa ba, shi ne a Dakoron wancan lokaci ba a kiran wajen gari sai ta hannun Madam Sa'adiyya ta gidan waya. Ita ke zaune gaban allon igiyoyi tun kafin a yaye Sharfaddeen, ita ke cusa wannan a ramin wancan. Kuma tana da doka ɗaya wadda ba ta cikin littafin gwamnati: wanda bai gaishe ta ba, ba ta haɗa shi da ko maƙwabcinsa.

"Alo? Ba a sallama a gidanku?"

Modem bai ce uffan ba. Ya jira rabin minti, ya katse mata layi a kunne. Allon ordinata ya rubuta kalmomi biyu na Turanci, NO CARRIER.

"Mi ya ce?" in ji Intalla.

"Ya ce Yamai na cikin taro, mu sake kira."

Suka sake kira sau huɗu. Yamai ba ta fito daga taro ba, muryar Madam Sa'adiyya kuma tana ƙara hawa. A na huɗu ta ce ko wane ne ke mata wannan wulaƙanci, ta san lambar, ta kuma san uwarsa.

Talata Sharfaddeen ya zo da sabuwar dabara. Modem zai kira, shi kuma ya ɗaga kan tarho ya yi magana da Madam, ta haɗa su da Yamai kafin akwatin ya gaji da jira. Rabin minti ke gare shi.

"Alo, Madam, Yamai, maza-maza!"

"A'a, ɗan Halimatu ne? Ina kwana dai tukuna."

"Lahiya, Madam, Yamai..."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Lambar ita ce..."

"Ya zafi? Ya ƙafar Halimatu? Na ji an ce ta sake kumbura. Ka ce ta jiƙa sabara ta riƙa gasawa. Ya mai ɗakin naka?"

Ƙit. NO CARRIER.

"Har yanzu taron?" in ji Mamani daga bakin ƙofa. "Mutanen Yamai akwai son taro."

Sau uku aka gwada, kuma mafi nisan da aka kai shi ne ƙafar Halimatu. Haƙurin modem rabin minti ne, gaisuwar Madam minti biyar, kuma babu wanda ya yarda ya rage ko ya ƙara. Ana cikin haka akwatin ya yi zafi kamar kaskon waina. Sharfaddeen ya ari randar Mata ya ɗora shi bisa murfinta, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Wanga abu naka masassara gare shi," in ji Mata. "Ka kai shi likita, ka maido mini randata."

"Inna, ke fura kika sani."

"Furata dai ba ta taɓa zagin kowa ta tarho ba."

A nan ne Sharfaddeen ya yanke shawarar buɗe littafin mai kauri, abin da yake gudu tun farko don kada a ce bai haddace ba. Ya tarar da babi biyu. Na farko gajere ne, na masu kiran allon sanarwa. Na biyu dogo ne mai cike da haruffa da lambobi, na masu riƙe da allon, waɗanda su ake kira. Ya dubi gajeren ya taɓe baki. Wannan na ƙauyawa ne. Mutumin da ya yi sitaj a Yamai ba ya shiga ta ƙaramar ƙofa.

"Na gano matsalar," ya shaida wa taga. "Mun ƙasƙantar da kanmu. Dakoro ba ta kiran kowa. Kiranta ake."

Ya kwafe dogon layin nan kaf, daga AT har ƙarshe, da harshensa a waje. A tsakiyar layin akwai wasu haruffa huɗu da ke umartar modem ya ɗauki duk kiran da ya shigo tun ƙarar farko, ya amsa da yarensa. Littafin ya bayyana haka a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, inda manyan masana ba sa dubawa.

Daga nan ya zauna ya rubuta wa Madam Sa'adiyya takarda da Faransanci. Layin koperatif, in ji takardar, ya zama layin fasaha daga yau. Ana umartar ma'aikaciyar gidan waya da kada ta sake sa baki a kansa, ko da gaisuwa, ko da shawara, ko da labari. Ya buga hatimi har biyu ya kai da kansa. Madam ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta ninke ta sa a jaka.

"To," ta ce.

Duk wanda ya girma a Dakoro ya san akwai "to" da ta fi zagi. Sharfaddeen ya ɗauka tata ta biyayya ce.

Laraba da hantsi tarho ta yi ƙirrr. Intalla ya zabura ya miƙa hannu, amma kafin ya taɓa ta ƙarar ta ɗauke, fitilun akwatin suka kama rawa, wani kuka ya tashi daga bisa randa kamar akuyar da haihuwa ta zo wa da gardama.

"Kada ka taɓa!" Sharfaddeen ya tare shi da ƙirji. "Yamai ce! Ka gani? Su suka kira mu!"

"In Maraɗi ce hwa?"

"Haba Intalla. Maraɗi mutum ne zai kira. Kiran mutum dogo ne, ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr, har a ɗauka. Wanga guntun kira na inji ne. Inji ba shi da lokacin ɓatawa."

Kukan ya ɗan jima ya mutu. Allo ya rubuta kalmominsa biyu.

"Sun koma taro," in ji Mamani.

"Gwada layi suke. Haka ake yi."

Ranar nan Yamai ta gwada layi sau huɗu. Alhamis ta gwada sau bakwai. Kowane ƙirrr sai Intalla ya miƙe, kowane miƙewa sai Injiniya ya zaunar da shi da bayani. Intalla mutum ne mai kunya, kuma a inda ya fito ba a musu da mai gida a cikin gidansa. Ya gyara rawaninsa ya rufe baki, ya zuba wa tarho ido.

"Injiniya," ya ce da la'asar ɗin Alhamis, a hankali, "saniyata ja ta kwanta jiya. Sai da muka ɗaga ta mu huɗu."

"Gobe za ka ga sunan Dakoro a allon Yamai. Saniya da kanta za ta tashi."

"Ba ta iya karatu ba."

Ran kasuwa gari ya cika. Makiyaya sun sauko daga arewa yadda Samba ya ce, kowa da jakunansa da buhunan wofi a ɗaure. Samba ya sauka daga raƙumi bai ko sha ruwa ba ya shiga.

"Maraɗi sun kira?"

"Maraɗi ba su kira ba, Farzidan. Amma Yamai ta kira sau goma sha ɗaya."

Sharfaddeen ya sa an fito da tebur ƙarƙashin rumfa, an ja waya ta taga, an ɗauko randa da akwatinta a kai kamar amarya. Ya sa babbar riga, ya ƙara alƙalami na huɗu. Ya yi jawabi a kan zamani, da yadda ya zo, da wanda ya kawo shi. Sannan ya ce tunda Yamai ta gaji da kira, yau za a yi mata karamci a kira ta. Ya ɗaga kan tarho.

"Alo, Madam."

Shiru. Ana jin numfashi.

"Madam Sa'adiyya, Yamai nake so."

Shiru. Can cikin shirun ana jin ana tauna goro.

Mutum fiye da ɗari na kallonsa, ban da jakuna. Ya juya baya ya rage murya, amma ya manta shi ya ƙure ƙarar akwatin don jama'a su ji zamani da kunnensu.

"Madam, don Allah."

"An hana ni magana a layin fasaha," in ji akwatin bisa randa, da ƙarfi. "Da hatimi biyu."

Dariya ta fashe daga gaba ta bi har bayan rumfa. Mata ta ajiye ludayi don ta ji daɗin yinta.

"Na janye takardar."

"Da baki?"

"Madam... ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya? Ya zafi? Ya gida? Ya yara? Ya... ya kaji?"

"Zabi nake kiwo."

"Ya zabi?"

"Sun gode. Ya ƙafar Halimatu?"

"Da sauƙi. Tana gasawa da sabara."

"Madalla. To saurara, ɗan Halimatu. Ka kashe wancan haukan da ka sa ma abinka. Ka kira ni da bakinka kamar ɗan Adam, in haɗa ka da Yamai. In ka ji nasu ya fara kuka, sai ka miƙa ma naka su yi ta yi. Haka Nasaran poroje ke yi, kuma shi yana gaisuwa."

Sharfaddeen ya rufe kan tarho da tafin hannu ya fuskanci jama'a. "Yanzu zan yi amfani da wata hanya da na daɗe da tanada."

Aka yi yadda Madam ta ce. Can nesa wani abu ya yi kuka, na bisa randa ya amsa, suka yi ta shiii da ƙiii kamar ana soya barkono, sannan suka yi ɗif. Allo ya rubuta kalma ɗaya sabuwa, CONNECT. Sai ga rubutu na saukowa layi-layi, da Faransanci, daga Yamai, a gaban idon kowa.

Gaskiya ita ce abin ya yi kyau. Har Mamani ya miƙe zaune. Wani dattijo ya yi kabbara. Sharfaddeen ya ji kansa ya taɓo rufin rumfa. Ya dafa tebur, ya fara karantawa yana fassarawa da muryar gidan rediyo. Ya karanto farashin bijimi a Yamai, da na rago, da na raƙumi.

"Wannan na makon jiya ne," in ji Mamani.

"Baba, a bar zamani ya yi magana." Ya danna, wani shafi ya sauko. Idonsa ya faɗa kan wata kalma, ya yi tsalle. "Ga mu! Ga sunanmu! Dakoro, a allon Yamai! Mi na ce maku? Ku matso! Intalla, matso gaba!"

Aka matso. Ya ɗaga murya har ta kai turken raƙuma, yana fassara kalma bayan kalma ba tare da ya leƙa ƙarshen jimla ba.

"Sanarwa daga Maraɗi. Kamyon gurya da aka tanadar wa koperatif ta Dakoro... kun ji ko? Aka tanadar mana! ...an kira lambarsu sau goma sha ɗaya cikin kwana biyu... sau goma sha... ba a samu mutum ba... sai wani abu da ke... da ke ihu a kunne..."

Muryar rediyo ta tsaya cak.

"Ci gaba," in ji Samba.

"Sauran bayanin na fasaha ne, Farzidan."

"Ci gaba."

"...saboda haka an juya kamyon... zuwa Birnin Lalle. An sauke jiya da yamma."

Babu wanda ya yi dariya. Wani jaki ya yi kuka a bayan rumfa, akwatin bisa randa kuma fitilunsa na ta ƙyaftawa cikin natsuwa kamar wanda ya gama aikin kirki.

"Sau nawa ka ce Yamai ta kira?" in ji Samba.

"Goma sha ɗaya," Mata ta amsa a madadin Injiniya.

Samba ya fizge wayar daga gindin modem ya mayar da ita cikin tarho, ya kira gidan waya. Duk da halin da yake ciki sai da ya yi gaisuwa cikakkiya, har zabi.

"Madam, kin san Maraɗi ce ke kira?"

"Ni na haɗa su da hannuna, Farzidan. Bawan Allah har kuka ya kusa yi. Ya ce in gaya maku."

"To mi ya hana?"

"Ko da gaisuwa, ko da shawara, ko da labari. Takardar na cikin jakata in kana son gani."

Samba ya ajiye kan tarho a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa. Sharfaddeen ya gyara alƙalumansa, ya yi gyaran murya. Mutum irinsa ba ya faɗuwa sai ya nemi abin da zai ce ya tsinta a ƙasa.

"Amma jama'a, a yi adalci. Kun dai ga saurin da labarin ya zo. Daƙiƙa arba'in, kamar yadda na yi alkawari."

Intalla ya sauke rawani daga bakinsa, abin da ba a taɓa ganin ya yi a kasuwa ba.

"Injiniya, ka iya kora jaki?"

"Ni? Ai ni..."

"Za ka koya. Mako uku ba za su yi ba ka ƙware."

Mata ta sauke akwatin daga bisa randarta ta ajiye a ƙasa, ta wanke murfin sau bakwai.

Washegari da asuba aka ga jakuna masu yawa sun kama hanyar Birnin Lalle a jere, da buhunan wofi, za a je roƙon abin da ya rage. A bayan na ƙarshe akwai wani mai babbar riga da alƙaluma huɗu yana tafiya a ƙasa yana yi wa jakin bayani. Da suka isa, Samba ya nemi a nuna masa wanda ya amsa kiran Maraɗi don ya san da wa zai yi magana. Aka nuna masa Salihu, tsohon mai gadin sito, wanda bai taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba kuma kunnensa ɗaya ba ya ji.

Da tarhonsu ta yi ƙara, ya ɗauka ne kawai ya ce salamu alaikum.